Fanka kawai na ce a canza, an goge mini muryar Babana

Barkanku da war haka 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ina dafa abinci ina ba mijina ba tare da na iya kallon fuskarsa ba.

Ni malamar firamare ce, muna zaune a Narayi da mijina da yara uku. Babana ya rasu shekara biyu da suka wuce. Mai buga tafireta ne a ofishin gwamnati, da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ta tebur, irin mai babban akwatin nan, ya ce zai tattara waƙoƙin yarenmu kafin tsofaffi su ƙare. Duk zuwansa ƙauye sai ya ɗauko muryoyinsu, waƙoƙin noma, na biki, na makoki, ya dawo ya zuba a ciki, wasu kuma ya rera da bakinsa. Da ya rasu ni aka ba kwamfutar, don ni ce ke zama kusa da shi in yana aikin.

Watan jiya ta fara wani ƙara ta baya kamar injin markaɗe, bayan kwana biyu ƙaran ya ɗauke gaba ɗaya, har na ji daɗi, ashe fankar ce ta mutu. Sai akwatin ya riƙa zafi, minti goma ta kashe kanta, ga ƙaurin waya. Yayan mijina yana da shagon gyara a Sabon Tasha, zan kira shi Yaya Bulus, ba sunansa ba ne. Ya zo gida ya leƙa, ya ce fankar da ke cikin fawa fak ce, wato ƙaramin akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta. Ya ce kada in kuskura in buɗe da kaina, ko an zare waya wuta tana zama a ciki, shi zai kwance noti huɗu ya haɗa wayoyi biyu, an gama. Na ce masa, "Yaya, fankar kawai fa, kayan Baba ne a ciki." Ya yi dariya ya ce, "Amarya, yau na fara gyara?"

Gaskiya fankar ta gyaru. Ya sa sabuwa, ya busa ƙurar ciki, har yanzu in an kunna ko motsinta ba a ji. Sai dai da ya ga tana nauyi, sai ya yi mata fomatin, wato ya goge komai na ciki, wai ya ƙara mini alheri. Ya kwashe hotunan aurena da tambayoyin jarrabawar 'yan aji huɗu ya mayar mini da su. Waƙoƙin kuwa, Baba lamba ya sa musu maimakon suna, ɗaya, biyu, uku har ƙarshe, shi Yaya ya ɗauka tarkace ne, ko ɗaya bai buɗe ya saurara ba. Tambayoyin 'yan aji huɗu ya ga sun fi amfani.

Da na kunna ban ga waƙa ko ɗaya ba sai na zauna a ƙasa. Na kira shi ina kuka, ya ce ai ban faɗa masa waƙoƙi ba ne, kuma duk mai hankali yana kwafe abu mai muhimmanci a filash. Nan ne ya fi yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa. Ƙanwata ta sha ce mini in kwafe, ina cewa sai an yi hutu. Hutu nawa aka yi ban kwafe ba?

Mijina ya ce kuskure ne, in yafe, mu Kirista ne. Na ce a nuna mini wanda ya nemi yafiyar. Har yau Yaya bai ce yi haƙuri ba, ranar Lahadi ma a bakin coci tambayata ya yi ko fankar tana juyawa.

Wani malami a makarantarmu ya haɗa ni da wani Malam mai gyara a Makera. Na je na same shi, ya saurare ni tsaf, ya ce bai yi alkawari ba, amma wani lokaci ana dawo da wani abu, muddin an daina kunna kwamfutar, don duk kunnawa tana ƙara binne abin da ya rage. Da na faɗa wa mijina sai ya ce ba za a fita da ita ba. Wai masu gyara duk sun san juna, gobe za a ji a kasuwa cewa matar ƙani ta kai aikin yayansa wani wuri, zai zama abin dariya. Ya ce a mayar wa Yaya ya gwada. Na ce hannun da ya goge ba zai sake taɓa ta ba. Tun ranar maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Na zare wayar wutar na ɓoye a jakar makaranta don kada yara su kunna.

Ga kuma Mama. Tana ƙauye, ba ta san komai ba. Jiya ta kira ta ce za ta zo ganin likita ranar Laraba, in shirya mata kujera kusa da "akwatin Babanku", tana so ta ji wata waƙa da ya rera mata lokacin da yake neman aurenta. Na ce to Mama.

Ku faɗa mini, in ɗauki kwamfutar in hau keke zuwa Makera bayan mijina ya fita aiki, duk abin da zai faru ya faru? Ko in bi maganarsa in zauna lafiya da danginsa? Kuma ranar Laraba in Mama ta zauna ta ce in kunna, me zan ce mata?