Faratan hannun dama da jitar Maɗugu

Malam Badamasi, salamu alaikum. Don Allah a taimaki tsoho da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni tsohon direba ne a Jibiya, na ajiye mota da idona ya fara rauni. Aminina Maɗugu, mutumin Maraɗi, tare muka yi zamanin hanya. In aka tsare mu a bakin iyaka ana duba kaya, sai ya jawo jitarsa daga bayan kujera ya zauna a inuwar mota. Da yatsu yake kiɗa, babban yatsa na tafiya a kan manyan tsirkiyoyi, sauran na amsa masa. Akwai wani kiɗa nasa na kansa, ban taɓa jin sa wurin kowa ba.

Bara Allah Ya yi masa rasuwa. 'Yarsa Zalika ta aiko mini da jitar, ta ce ba ta da muryar babanta a waya, ba ta da komai, ko zan koya in kaɗa mata kiɗan nan ta ji. Yanzu a kaina kawai yake, kan kuwa ya fara yoyo.

Na shiga koyo a waya. Yatsun hagu sun yi kanta, wannan ban damu ba. Amma mai koyarwar ya ce sai an tara farcen hannun dama. Mu kuwa duk Juma'a mai yankan farce na zuwa ƙofar gidanmu kafin masallaci. Na miƙa masa hagu na ɓoye dama, ya dube ni kamar na taɓu. Da yamma muna ciyayya da maƙwabta a kwano guda. Na lura Alhaji Abdu ya koma cin gefen da hannuna bai kai ba. Maiɗakina Uwa ta ce tsufana ya zo da gardama. Na daina fita cin abinci. In na yanke farcen na saɓa wa Zalika, in na bari na rasa mutanen unguwa. Yaya zan yi?

Tsohon direba, Jibiya

Wa alaikumus salam, Baba Direba. Allah Ya jiƙan Maɗugu, Ya ba ka ladan riƙon zumunci.

Maƙwabtanka ba su yi laifi ba. Yanke farce sunna ce kuma tsabta ce, kwanon nan kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Mai koyarwar ma bai yi ƙarya ba: farce na sa sauti ya fito tar. Sai dai ba dole ba ne. Makaɗa da yawa da tsokar kan yatsa suke kaɗawa, sautin ya fito a tausashe.

Kafin komai, yau ɗin nan, ka rera kiɗan da baki a ɗauka a waya, a tura wa Zalika. Yatsu za su iya jira, mantuwa ba ta jira. Sannan ka fara da babban yatsa shi kaɗai, a hankali, sai ya zauna ka ƙara sauran.

Ga tambayata. Shekara nawa kuka yi kuna sa hannu a kwano guda da Maɗugu a bakin hanya? Ka taɓa kauce wa gefensa? In ba ka taɓa ba, to kiɗan da kake nema da yankakken farce aka yi shi.

Juma'ar nan ka miƙa hannu biyu, da yamma ka fita ka ci tuwonka. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa Zalika ta ji abin da take kewa.

Malam Badamasi