Ledar Gilashin Malam Zailani

Limancin Kona,
Birnin Zariya.

Zuwa ga 'yata Batulu, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da sanyin Jos. Mu nan sai godiyar Allah. Iya, mahaifiyarki, tana gaishe ki.

Uwata, kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da kika sa aka liƙa wa wayata leda rubutun cikinta ya dushe, shi ya sa na koma wa alƙalami. Girman baƙaƙen kuma laifin maka ne, alƙalamin nan mai kaurin baki, don biron zamani duk ba su da tawadar kirki.

Aikenki ya iso. An sa wa motata Fijo sabon gilashin gaba a madadin wanda dutsen tifa ya fasa, Allah ya yi miki albarka. Ƙarin da kika yi ne matsalar, wato ledar nan da kika ce za ta kare gilashin. Suhail ɗan gidan Jibril tela, mai shago a Ƙofar Kuyambana, ya zo ya wuni a kan motar. Ya wanke gilashin har na tausaya masa, ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ledar, ya bi ta da injin hura zafi irin wanda mata ke busar da gashi, ya matse ruwan da faifan roba, ya datse gefe da reza. Sannan ya kafa mini dokoki sai ka ce mai jego: kada a wanke ta a kwanakin farko, kada a kunna waifa a busasshen gilashi, ban da soso, ban da omo. Ni da nake tuƙa motar ma'aikatar gona tun ubansa yana wasan ƙasa!

To, ledar nan hayaƙi gare ta. In na zauna a sitiyari sai in ga titi kamar an hura ɗanyen itace. Ya ce ruwan da ke ƙarƙashinta ne, rana za ta shanye shi. Ina nan ina jira.

Maganar da kika yi wa Iya kuwa, wai in ajiye makulli a samo mini direba, na ji, ban kuma ji ba. Makullin Fijo yana aljihuna, kuma nan zai ci gaba da kwana.

Wassalam.
Mahaifinki,
Malam Zailani Direba.

*

Jos.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, Baba, da fatan kuna lafiya kai da Iya da duk mutanen gida. Yara suna gaishe ka, har sun yi rigima a kan takardarka, don ƙaramar ma ta iya karanta ta daga bakin ƙofa.

Baba, abin da Suhail ya faɗa haka yake. Irinta ce a motata, ni ma na ga ɗan dishi-dishi da farko, amma da ta sha rana ya tafi. Don Allah ka yi haƙuri da ita, kada ka soke ta da allura in ka ga ƙurji, kada kuma ka goge ta da jarida yadda ka saba. Tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Ledar wayarka ai na cire ta da hannuna ranar da zan taho, tun da ka ce ba ka so.

Ban ce ka tsufa ba, Baba, Allah ya tsare bakina. Roƙona kawai, kafin hayaƙin ya washe ka bar Fijo ta huta. Masallaci kusa ne, kasuwa kuma akwai keke napep. Hankalina ba ya kwanciya in na tuna lungunan cikin birni da yaran da ke fitowa da gudu.

Ka huta lafiya. A gaishe da Iya.

'Yarka,
Batulu.

*

Limancin Kona.

Uwata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, Iya ta sa an karanta mini, don rubutunki ya ƙanƙance tun da kika shiga aikin ofis.

Na bi doka, Allah shaida. Kullum in fito da Fijo in shanya ta a ƙofar gida, rana na juyawa ina juya ta, kamar mai shanyar kuɓewa. Na goge ta da sabon mayafin Iya, wanda har yau ba ta yafe mini ba. Hayaƙi yana nan, sai ma abin da ya ƙaru.

Don kada a ce rigimar tsufa ce, na kafa shaidu. Bayan la'asar na kira mutanen majalisarmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya zauna ya duba. Malam Bahago, wanda muka tashi tare, ya ce, “Lallai Malam, akwai hayaƙi.” Ladan ya ce shi har ƙauri yake ji. Mai unguwa ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sai addu'a. Kin ga mutum nawa ke nan, kuma duk dattawa ne da ba a san su da ƙarya ba.

Batun in bar tuƙi bai taso ba. Na samo dabara, ina leƙo kaina ta tagar gefe. Abin mamaki, har nan hayaƙin yake bina, ashe ledar turiri take yi. Jiya na je Tukur-Tukur na dawo lafiya lau, ban da wani buhun gawayi da ya tsaya a tsakiyar hanya, na yi ta danna masa hon ya ƙi gusawa.

Iya ta daina shiga motar, wai likita ya ce ta riƙa tafiyar ƙasa. Ban san ranar da ta ga likita ba.

Na yanke shawarar abin da zan yi da ledar nan, za ki ji labari.

Mahaifinki.

*

Ƙofar Kuyambana.

Zuwa ga Hajiya Batulu,

Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya aiki, ya yara. Suhail ne mai leda. Baba ya aike ni tasha da wasiƙarsa, shi ne na soka tawa a ciki, don maganar ta fi ƙarfin waya. Ki yafe mini rubutun.

Hajiya, na shiga uku. Wallahi ledar nan garau take, ko ƙuda ya sauka a kanta sai kin ƙirga ƙafafunsa. Ta bushe tuntuni. Amma yau duk cikin birni an san ledar Suhail tana hayaƙi. Masu motar da suka yi mini alkawarin aiki sun janye, wani ma ya dawo wai in cire masa tasa kafin ta fara. Jiya mahaifina ya kira ni ya ce in ji tsoron Allah a sana'ata.

Na tare Malam Bahago na ce, “Baba, don girman Allah, ka ga hayaƙin nan?” Ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, ni da Zailani tare aka yi mana kaciya. Da wane bakin zan ce masa idonsa ne? Kai yaro ne, ka ɗauki laifin, Allah zai ba ka lada.” Ladan ma haka ya ce, har ya ƙara mini da goro.

Ni ma na kasa, Hajiya. Sau biyu ina zuwa wurin Baba da niyyar faɗa masa gaskiya, in na durƙusa na gaishe shi sai in ji bakina yana cewa a ƙara mata rana.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Tsohon gilashin ba dutsen tifa ba ne ya fasa shi, gorar rumfar mai shayi ce, ni na zare guntunta. Buhun gawayin Tukur-Tukur da yake ba da labari kuma buhun gawayi ne da gaske, Baba ya daɗe yana yi masa faɗa.

Ga babbar maganar. Baba ya yi shela cewa ranar Juma'a bayan an sauko zai ɓare ledar a ƙofar masallacin unguwa, a gaban jama'a, don a ga aikina. Ni sunana ya riga ya ɓaci, ba shi nake ji ba. Na san mutanenmu. Yana ɓarewa za su ce, “Alhamdu lillahi, ya washe!” Shi kuma ya shiga motar ya ba ta wuta da ƙarfin gwiwa, ga 'yan makarantar allo... ga yara dai cike da layin.

Ki yi wani abu, Hajiya. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naki,
Suhail.

*

Jos.

Baba,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka, kada kowa ya karanta maka.

Na ji za ka ɓare ledar ranar Juma'a. Motarka ce, Baba, ka ɓare. Alfarma ɗaya nake nema a matsayina na mai sunan uwarka: kada ka yi a gaban jama'a. Mutanen nan suna ƙaunarka, suna jin nauyinka, duk abin da ka ce ka gani za su ce sun gani. Da ka ce akwai kifi a gilashin nan, Ladan zai ce ya ji ƙarni.

Ka shigar da ita gida ka ɓare kai kaɗai, ka zauna a sitiyari ka duba da kyau. In ya washe, na yi alkawari ba zan sake ambaton makulli ba har abada, kuma zan ba ka haƙuri a gaban Iya. In bai washe ba, ba sai ka gaya wa kowa ba, ni kaɗai za ka gaya wa.

Baba, tsoro nake ji. Kullum wayata ta yi ƙara da lambar gida sai in ɗauka mugun labari ne. A cinyarka na fara riƙe sitiyarin Fijo, na san abin da take a wurinka, ba raba ku nake son yi ba. Yanar ido aiki ake yi mata a cire, surukata an yi mata, yanzu har zare take sa wa allura.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Batulu.

*

Limancin Kona.

Uwata,

Bayan gaisuwa. Rubutun na Suhail ne, maganar tawa ce.

Na ɓare ta da safe, ni kaɗai. Ta yi gardama, yaron ya iya liƙi. Na zauna a sitiyari na ce wa Iya ta tsaya a gaban motar. Uwata, matar da muka tsufa tare, ban gane ita ce ba sai da ta ce, “Malam, in matsa?”

Na daɗe a zaune a cikin motar.

Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallacin kamar yadda na yi shela, amma sunan Suhail zan wanke. Bahago da Ladan kuwa za su ji daga gare ni, dattawan banza. Suhail ya ce ba zai rubuta wannan ba, na ce ya rubuta.

Ki zo ki kai ni wurin masu aikin idon. A Fijo za mu je, ke za ki ja. Na ce wa Suhail ya liƙa mata sabuwar leda, ina so in ga ko da gaske garau take.

Makullin yana wurin Iya. Aro na ba ki, kada ki taɓa mini saitin kujera.

Mahaifinki,
Malam Zailani Direba.