Inna Ta Tambayi Asalin Kalmomi

Filinge, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Isufu a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, bana ƙasar Kurfai ba ta yi kuka ba. Innarmu na nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta lafiya ƙalau kamar yadda ka bar shi.

Maganar ɗiyarka Basiratu ce ta sa na zauna rubutu. Ka ce idan Ingilishinta bai kai ba, ba za ka sa sunanta a jarrabawar shiga makarantar jinya ta can ba, sai ta zauna gida. Kai ne mai faɗin haka, kai da ka daɗe kana ciniki da yatsa a Kumasi kafin bakinka ya buɗe. Yarinya ta tsorata, ta ɗauki ƙamus tana hadda tun daga farko, kamar mai tsince tsakuwa cikin buhun gero. Damina ta yi nisa, ita ba ta yi nisa ba. Ta rame, har ta ce mini ta haƙura, abin ya dame ni ƙwarai.

Ana nan sai Mushe Kailu, malaminsu na lise, wato sakandare, ya zo gaida Inna. Ya ce yawancin kalmomin likita, na Ingilishi da na Faransancin da ta riga ta iya, tsatsonsu ɗaya ne, daga Latin da Girkanci suka fito. In an san tushen, aka san abin da ake liƙa masa gaba ko baya, sauran mai sauƙi ne. Ni ban kama ba, Inna ce ta kama. Ka san halinta, baƙo ba ya tashi daga tabarmarta sai ta ji ubansa da kakansa, ta dubi tsagarsa, ta gano gidansu ko a Bonkuku yake ko a Damana. Ta ce ashe kalmomin ma suna da dangi. Ta kuma yi wa Basiratu faɗa, wai wata da watanni tana tarbar baƙi ba ta tambayi asalin ko ɗaya ba.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Basiratu na shafa mata man gwiwa, Inna na binciken asali. Duk kalmar da ta zo sai an raba ta, an nemo uwa an nemo uba. Ta haka ni ma na ji cewa derma fata ce, kardiyo zuciya, wadda kuma ta ƙare da itis daga gidan kumburi ta fito. Inna ta ce wannan gida bai taɓa haihuwar ɗan kirki ba. Sannu ba ta hana zuwa. Kwanan baya Mushe Kailu ya gwada Basiratu da tambayoyin da ba ta taɓa gani ba, ya ce ko gobe aka kira ta, ta shirya. Na yi murna har na rangaɗa guɗa a tsakar gida.

Jiya cikin wasa na tambayi Inna ko ta san da bakinta ta share wa mai shafa mata magani hanyar tafiya. Ta ce ta sani tun ranar farko. Ta ce gwiwa tata ce, ita za ta ɗauki abinta, in rubuto maka ka sa sunan yarinyar tun ita Innar ba ta sake shawara ba. Abu ɗaya ta roƙa: duk wanda ya tambayi Basiratu asali a can, ta ce ita jikar Habsatu ce ta Filinge. To, ka sa sunan, Isufu. Man gwiwa ni zan riƙa shafawa, ko da yake Inna ta riga ta ce hannuna na mai sussuka ne.

Ka gaida Samiratu da yara, musamman Kamal da Haske. Inna da maigidana Zakari na gaishe ku, Basiratu na neman albarkarka. Allah ya sada mu da alheri.

Taka yaya,
Sakina