Barkonon Ammi a Farantin Setalayit

Shagufta,

Na tafi kwaleji, ban tashe ki ba. Ustad Liaqat mai gyara ya zo da safe, ya gano abin da ke farfasa mana hoto. Ba sabuwar talabijin ba ce, ba dikoda ba, ba kuma wayar da na sauya sau biyu ba. Ya hau saman soro ya tarar Ammi ta ɗaga bakin farantin setalayit ɗin sama, ta shanya jan barkono a ciki. Mako uku ke nan ina zagin kamfani, ashe rana muke kamawa.

Ya ce, “Farfesa Sahib, wannan gyaran ya fi ƙarfina, uwarka ce.”

Na yi mata bayani da duk ilimina, na ce yau jikarta Mehwish za ta fito a talabijin. Ta ce fuskar jikarta ta san ta tun tana cikin zanen goyo, barkono kuwa in ya yi fumfuna an yi asarar yajin shekara. Sai ya ƙara kwana biyu. Yanzu haka tana zaune a gindinsa tana gadi.

Ƙarfe bakwai Mehwish za ta karanta labarai karon farko, ba zan kalli ’yata a gutsuttsure ba. Ki lallashi Ammi kafin biyar, Liaqat zai dawo ya saita. Ke tana jin maganarki.

In ta ƙi, ki goge mini farar riga. Gidan maƙwabcinmu Butt Sahib za mu je roƙon kujera, mutumin da na yi wata guda ina yi wa tsohuwar talabijinsa dariya.

Pervaiz