Inda Inno Za Ta Ci Tuwo

Asabar, 2 ga Maris, 1985

Kawu Bakari ya kawo Inno yau da hantsi, bisa amalanken jaki. Saniyarsu ta ƙarshe ta faɗi wajen Gangara, ruga ta watse. Shi zai bi kamyo, babbar motar kaya, ya yi kudu neman aikin gadi, ya ce ba ya iya jan tsohuwa. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ga uwar mijinki nan, ba ta da kowa sai ke." Na ce to. Me zan ce?

Ba ta zo da komai ba sai ƙoranta a ɗaure cikin raga, ko ɗigon nono babu a ciki.

Ɗakin nan dama da ƙyar yake ɗaukarmu ni da Jibrilla. A takarda ina iya rubuta sunansa, a baki ban taɓa ba. Tun da ya rasu ina cikin takaba, ba na fita. Rumfar da nake girki a da, mai gidan haya ya ba wasu mutanen arewa da yunwa ta koro zuwa nan garin Cadawa, maza sun cika ta. Murhu ya dawo ciki ke nan. Nan zan dafa, nan za mu ci, nan masu gaisuwa za su zauna, nan za mu kwana. Ban san ta ina zan fara ba.

Litinin, 4 ga Maris

Na sa murhu kusa da ƙofa don hayaƙi ya samu hanya. Sai randa ta rasa wuri. Na mai da randa bayan ƙofa, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na kife turmi ya zama kujera. Kwanukan jerena na sauke su na zuba cikin juna, don ƙoran Inno su samu gindin bango. Duk da haka in na miƙe ƙafa sai ta taɓa tata.

Gado ne ya cinye rabin ɗaki. Gadon kara ne, Jibrilla ya ɗaure shi da hannunsa kafin a kawo ni. A kansa ya cika. Tun ranar ban hau ba, a ƙasa nake kwana, malafarsa da sandarsa suna nan bisa yadda ya aje. Na ce wa Inno ta hau, ƙashinta ya huta. Ta dube ni kamar na zage ta, ta shimfiɗa buzunta a ƙasa.

Ba ta ci tuwo ba. Gajiyar hanya ce mai yiwuwa.

Alhamis, 7 ga Maris

Har yau ba ta ci. Ruwa kawai.

Ina yi mata yadda aka koya mini a gidanmu a Tibiri. In zuba, in durƙusa in aje gabanta, in zauna kusa ina fifita mata ƙuda ina cewa, "Inna, ki ci mana, ko loma guda." Sai ta ce, "Na ƙoshi, yarinya," ta juya fuska bango. Da me ta ƙoshi?

Na ce ko jar dawar taimakon nan ce ba ta so. Ni ma ba sonta nake ba, tuwonta kamar yumɓu.

Juma'a, 8 ga Maris

Na dama mata fura da garin madarar da aka raba. Ta shinshina ta ce, "Wannan wace saniya ce ta kawo shi, mai nonon gari?" Na yi murna ta yi magana. Amma ba ta sha ba.

Lahadi, 10 ga Maris

Ko wurin zaman ne? Hayaƙi yana bin inda take, idanunta suna ta ruwa. Na sake juya ɗaki. Murhu ya koma kusurwar yamma, ita na mai da ta bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Sai ga matan unguwa sun zo gaisuwa, dole suka riƙa tsallake ƙafafunta. Ɗaya ta zauna kan turmi, ɗaya ta kusa zama bakin gado na ce a'a, da ƙarfi, har na ji kunya. A tsaye ta yi addu'a ta fita.

Kuma ga ɓera. Na zagaya bayan gida, na dawo na tarar an ɗan ƙwaƙule gefen tuwon da na rufe. Abin da mutum bai samu ba ɓera yake ci.

Litinin, 11 ga Maris

Na ɗaura ragaya can sama jikin azara, na rataye kwanon. Sai na taka turmi nake kaiwa. Ɓera dai ya sha ƙasa.

Laraba, 13 ga Maris

Yau da ta tashi alwala sai da ta dafa bango. Wuyan hannunta ya zama kamar kara. Munduwarta ta zame ta faɗi cikin toka, ba ta ma sani ba.

Na yi ta tunani. Ko ta tsane ni ne? Ɗanta ya bar ruga ya zo gari ya auri ɗiyar manoma, ya mutu a hannuna, ko jika ban ba ta ba. Ko so take ta bi shi? In haka ne me zan yi? Ban iya Fulatanci ba balle in roƙe ta da harshenta. 'Yar makarantar lakol ɗin da na yi ba a koya mana wannan ba.

Yanzu ba na ɗauke ido daga kanta ko kaɗan. Bayan gida ma a guje nake zuwa in dawo. In ta mutu a ɗakin nan me zan ce masa?

Ni ma ba na iya ci tana kallon bango. Tuwo yana kwana, da safe in miƙa wa mutanen rumfa.

Asabar, 16 ga Maris

Dija ta zo. Ita ce Bafulatanar da ke kawo mana nono a da, yanzu itace take sayarwa. Ta gaida Inno da harshensu, sun daɗe, har na ji muryar Inno ta ɗan tashi. Na ja Dija bakin ƙofa na gaya mata komai ina kuka. Ta dubi ragaya, ta dubi tabarmar da nake zama gab da buzun Inno, ta riƙe haɓa.

"Baturiya, a nan kike zama in kin ba ta?"

Na ce e.

"Kina kallon bakinta?"

Na ce ina roƙonta dai.

"Kai, Kaɗo! Allah ya shirye ku. Ku ko a tsakiyar kasuwa kwa baje ku ci har da suɗe hannu. Matar ɗanta na zaune, ita ta buɗe baki ta sa loma? Gogo Inno?"

Na ce ai yunwa ake, wa ke ta wannan yanzu. Ta ce shanu ne suka mutu, ita tsohuwar tana nan da ranta. Sai ta tambaye ni me tuwo ke yi a sama kamar ganga. Na ce ɓera. Ta ce, "Ɓeran nan, yatsa nawa gare shi?"

Na zauna a ƙasa. Ashe ɗan abin da take samu ke nan in na zagaya, ni kuwa na ɗauke na rataye inda hannunta ba ya kaiwa. Kuma tana kallona ina ɗaurawa ba ta ce uffan ba.

Na san ana kunyar surukai, mu ma muna yi. Amma a gidanmu ƙarami ne ke jin kunyar babba. Ban taɓa zaton ita za ta ji tawa ba. Wace ce ni?

Lahadi, 17 ga Maris

Na kwance ragaya. Na aje mata kwano na juya baya ina kallon murhu. Shiru. Bayana da gwiwarta ko kamu biyu babu, numfashina ma tana ji.

Na fita bayan gida na daɗe. Da na fito mazan rumfa duk suka sunkuyar da kai, matar liman kuma ta aiko a gaya mini mai takaba ba ta tsayuwa a waje. Loma kaɗan Inno ta samu, ta ma ƙware don sauri.

Na rataya zanena tsakaninmu. Gajere ne, iska na ɗaga shi, gefensa ya taɓa wuta ya babbake. Zana kuwa babu, awaki sun cinye ta garin nan kaf tun kaka, ko da akwai ma ina wurin kafa ta?

In zauna ba ta ci, in fita ba dama. Kaina ya ɗaure.

Litinin, 18 ga Maris

Na auna ɗaki da igiya ina neman abin da zai raba mu, na sake aunawa. Ko'ina na bi sai in dawo kan gado.

Ba zan iya ba.

Talata, 19 ga Maris

Yau a zaune ta yi sallar azahar.

Na aika aka kira Dija. Na ce ta kama mini mu tayar da gado. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce in ta sake tambayata zan fasa.

Na ɗauke malafa da sanda, na rasa inda zan aje, na tsaya da su a hannu kamar wawiya. Inno ta miƙo hannu ba ta dube ni ba. Na ba ta sandar. Ta kwantar da ita gefen buzunta.

Ba shi da nauyi ashe. Na zaci zai yi nauyi. Mun tayar da shi bisa gefensa, muka tokare da randa ta nan, da dutse ta can, Dija ta ɗaure kansa jikin azara da igiyar ragaya. A ƙarƙashi mun tarar da takalminsa na taya ƙafa guda, wanda ya yi ta nema har ya ce ni na jefar. Na fasa kuka. Dija ta ce, "Yi kukanki amma riƙe nan, kar ya faɗo kan Gogo mu yi makoki biyu."

Yanzu ɗaki ya rabu. Can ciki ita da ƙoranta. Nan murhu, da tabarmar baƙi, da ni. Har fili ya samu inda gadon yake, ƙasar wurin fara tas, ban son taka ta.

Da la'asar na tura kwano ta ƙarshen gado na janye hannu. Dija ta ce kar in yi shiru ina saurare, wannan ma kallo ne. To na jawo kwanukan jere na hau wanke su da yashi, wankakku ne, ina ta ƙwaram ƙwaram har hannuna ya yi ja.

Kwanon ya dawo da rabi.

Alhamis, 21 ga Maris

Ya dawo babu komai.

Na ci nawa a nan gefe, na ma manta rabon da in ji ɗanɗanon miyar kuka.

Talata, 2 ga Afrilu

Ba a ga hadari ba, zafi kawai. An rage mudun taimako, na fara haɗawa da hanza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa, tukunyar jiƙonta ta sake cinye mini wuri. Turmi ya koma waje.

Inno ta fi magana in ba ta ganina. Ta bayan kara take ba ni labarin shanunta, kowace da sunanta. Shi ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, "wancan" take cewa. Wai wancan yana ƙarami ya taɓa shan nonon akuya daga hantsa, akuyar ta tunkuye shi. Ban san yana da tabo a ƙeya don haka ba ne. Ce mini ya yi faɗa ya yi da kura.

Masu gaisuwa suna tambaya me ya sa gado a tsaye. Ina cewa gyara nake.

Laraba, 8 ga Mayu

Na fita takaba ranar Lahadi. Na yi wanka, na sa zanen da bai ƙone ba, na je har kasuwa. Rana ta yi mini yawa a ido.

Yaya Sabo ya zo daga Tibiri. Ya ce Baba ya ce in koma gida, akwai ɗaki, ita kuma a nemi danginta. Ya dubi ɗaki ya ce, "Wannan kuma mene ne, garken awaki? Tunda kina iya fita yanzu ai sai ki kwantar da gadon mutane." Gaskiyarsa. Ina iya zama waje har ta gama. Na ce gobe.

Yana nan zaune na tura mata kwano, hannuna ya kai kan kwanuka na fara ƙwaram ƙwaram. Ya ce, "Baturiya, lafiyarki?" Sai ga murya daga bayan kara: "Yarinya, kanwa ta yi yawa yau." Na ce, "To, Inna." Ta ce, "Jiya ma." Amma kwanon fes ya fito.

Sabo zai dawo ranar kasuwa ya ɗauke ni. Ban ɗaure kaya ba tukuna. Kwanukan nan ma ban ga yadda za su shiga buhu ba, kuma ana amfani da su.