Ranar da Ka Ce Ba Ka San Ni Ba

Zuwa ga Ghirmay, sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun daga garinmu Keren har nan Malmo, ruwan da na sha a tsakiyar sahara ban tambayi rijiyarsa ba.

Ina gaishe ka da zuciyar da ka fasa, don ba ni da wata.

Ka tuna yammacin da ka hau gwaibar gidanmu, mahaifiyata ta biyo ka da muciya, kana gudu kana ce mata ai surukinta ne ke ɗanɗana dukiyarsa? Ka tuna sanyinmu na farko a ƙasar nan, rana ta ƙi fitowa, na soya maka gahawa a ɗan ɗakinka har hayaƙi ya fito da maƙwabta? Ranar ka riƙe hannuna ka ce in hukuma ta ƙi yarda ni 'yar Eritiriya ce, kai ne takardar haihuwata.

Ta kuwa ƙi. Suka ce harshena ya fi kama da na ƙetaren iyaka. Na ɗaukaka ƙara, lauyata ta sa ka shaida. Da ka shigo kotun nan, wallahi ji na yi kamar hadari ya haɗo wa busasshiyar gona. Alƙaliya ta tambaye ka ta bakin tafinta ko ka san ni tun a gida. Ka sunkuyar da kai ka ce, "A nan Suwidin na fara ganinta."

Wayyo Ghirmay! Kai da ka ɗauki makarar mahaifina? Bakin da ya kira ni zumarsa, shi ya iya wannan?

Na san dalili. Da ka zo neman mafaka ce musu ka yi kai ɗan garin Asab ne, ba ka taɓa taka Keren ba. In ka faɗi gaskiyata, naka labarin ya warware, izinin zamanka ya tafi. Tsoro ba baƙona ba ne, tare muka kwana da shi a kan teku. Amma me ya hana ka gaya mini? Me ya sa ka bar ni na yi kitso, na zauna gaban mutane ina maka murmushi?

An kori ƙarata. Lauyata ta ce da sauran hanya, in na kawo waɗanda suka san mu tare a Keren za a sake duba maganar, ni in tsira, kai a karɓe takardunka. Akwai su, har a garin nan. Na dube ta na ce duk sun mutu.

Ban san inda za a kai ni ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka zo kafin a tashe ni daga masauki, ko ba za ka zauna ba, ka kira ni da sunan da kake kirana a gida.

Asirinka zai shiga kabari tare da ni. Ban yafe ba tukuna, ban kuma iya daina son ka ba.

Taka, wadda ta san ka,
Tirhas