Kwabon da Inna Ta Ce Ya Faɗa Masai

Daga admin: Wata uwa ce daga Makka ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A yi mata magana da ladabi, ta haifi yawancinmu.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ni tsohuwa ce, idan na ɗauko zance sai na faro shi daga tushe. Sunayen da za ku gani duk na canza su. A Makka aka haife ni, a unguwar Misfala, iyayena mutanen Kano ne da suka zo hajji ta ƙasa, suka biyo ta Sudan, suka zauna a nan. Aure ya kai ni Kano na yi shekaru, a can na koyi rubutun boko a ajin manya, da maigidan ya rasu na dawo, yanzu ina unguwar Utaibiyya nan Makka wurin 'yata. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗa wa kowa ba har shi marigayin.

Ina 'yar shekara tara lokacin, tun ba a fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami ba, ruwa ma a gwangwani ake kawo mana gida gida. Mahaifiyata, Inna muke ce mata, ungozoma ce, rabin yaran lungunmu a hannunta suka faɗo, na Takari, wato mu Hausawa da ire-irenmu, da na Jawa, mutanen tsibiran gabas mai nisa, da na Yaman. Katanga ɗaya tsakaninmu da wata mata 'yar Bukhara, Hala Zuhra, hala wato gwaggo da Larabci, mijinta mai gasa gurasar tamis ne. Tun kafin a haife ni suka gudo daga ƙasarsu, sa'ad da 'yan kwaminis suka rufe musu masallatai, suka keto duwatsu a ƙafa, 'ya'yanta biyu a hanya ta binne su. Ba ta jin Hausa, Larabcin nata ma a karkace yake fita har mu yara muna kwaikwayonta a bayan ido, amma kullum da safe sai ta miƙo mana gurasa mai zafi ta kan katanga.

Da aka haifi ƙanena Hamza sai ya zo da cibi, ƙato, idan ya yi kuka ya kumbura kamar ƙwan kaza. Inna ta yi abin da ta sani, bai koma ba. Ran nan Hala Zuhra ta shigo barka, ta duba, ta koma gida ta dawo da wata tsohuwar riga, a gabanmu ta farke bakin rigar ta zaro wani kwabo. Ban taɓa ganin irinsa ba, na jan ƙarfe ne mai kauri da nauyi, gefe ɗaya wani harafi a murɗe da kambi a kansa, ɗaya gefen wasu dabbobi biyu kamar tunku sun miƙe tsaye suna riƙe da garkuwa. Ta ce a ƙasarsu shi ake shafa wa mai a ɗaure wa jariri a cibiya kwana arba'in, ita ma da shi aka ɗaure mata. Ta danƙa wa Inna da hannu biyu ta ce, "Amana ya jarati, ya maƙwabciyata, na babana ne, shi kaɗai na fito da shi daga gidanmu." Ba kuɗin kashewa ba ne, ko mai canji na ƙofar Harami ba zai ba ka girshi ɗaya a kansa ba a wancan zamanin.

Kafin arba'in cibin Hamza ya koma lafiya lau. 'Yata ma'aikaciyar asibiti ce, ta ce min irin wannan cibin da kansa yake komawa ko ba a ɗaura komai ba, to amma lokacin wa ya sani. Mata suka ɗauka, wai kwabon yana da albarka, wai daga garin manyan malamai ya fito. Wannan ta aiko a ara mata, waccan ta aiko, maimakon Inna ta ce ba nata ba ne sai ta fara yawo da shi a lalitarta. Sunanta ya koma ungozoma mai kwabon Bukhara. Gidajen Larabawa masu bene, waɗanda da ko ƙofarsu ba ma rabawa, suka fara aikowa a kira ta, ta dawo da turmin yadi da sukari, a hanya maza suna kauce mata suna gaishe ta. Sau biyu Hala Zuhra tana tambaya cikin kunya, Inna tana cewa saura kwana kaɗan, akwai wani jariri da ke tsakiyar magani.

Ranar da ta tambaya karo na uku ita ce ta hana ni sakat har yau. Da hantsi ne, Inna ta dawo daga wani gida ta kwance shi daga cikin wani jariri ke nan, yana hannunta da tsumman, sai ga sallamar Hala Zuhra a bakin ƙofa. Ɗakin ɗaya ne, babu wurin ɓuya. Inna ta damƙi haɓata ta tura min shi a baki, ta zare min ido. Da ɗuminsa, da man shanun da ya yi tsami, da gumin jaririn da duk abin da ya zubo masa na kwana da kwanaki, ga ɗacin ƙarfe, ya cika min baki har ya yanke min dasashi. Hala ta gaishe ni ban amsa ba, Inna ta ce hangum nake yi. Sannan ta ce wai jiya ta shiga kewayawa kwabon ya sulluɓe daga lalita ya faɗa masai. Hala Zuhra ta kafe ta da ido, sai Inna ta ɗaga hannu ta nuna wajen Harami ta rantse da Ubangijin Ɗakin, a Makka fa, inda muna jin kiran sallar Harami daga kan tabarmarmu. Matar nan ta zauna a ƙasa daɓas, ba ta yi kuka ba, Inna ce ta fashe da kuka, ita kuma ta dawo tana shafa mata baya tana cewa, "Halas ya jarati, halas, ya wuce, ƙaddara ce." Ni ina gefe yawu yana zubo min ta gefen baki ina haɗiye sauran. Washegari gurasa ta zo ta kan katanga kamar kullum, muka zauna muka cinye da shayi.

Inna ta ɓoye shi kusan shekara. Da aka fara rusau su Hala Zuhra suka tashi zuwa wata unguwa, sai ga kwabo ya fito, da sabon labari, wai kyauta aka ba ta saboda riƙon amana. Da wannan labarin Hamza ya girma, da shi duk dangi suka girma. Ba zan ɗauki alhakinta ba, Inna ta yi alheri mai yawa, ta karɓi haihuwar matan da ba su da ko zanen rufa ba ta karɓi komai ba, alhazai suna barin kayansu a wurinta su dawo su tarar ko allura ba ta ɓata ba, masu sunanta a danginmu ba su ƙirguwa. Abu ɗayan nan ne kawai, kuma ni kaɗai na gani. Da za ta rasu ta ba ni akwatinta, na tsaya ina jira ta ce ki nemi mutanen nan ki mayar musu, sai cewa ta yi ki adana. Na kuwa adana, shekara kusan arba'in, don haka kada wani ya ɗauka wanke kaina na zo yi, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Abin da ya tono zancen, Hamza tun da ya yi ritaya ya shiga tara tsofaffin kuɗi, na Turkawa da na Sharifai da riyal Faransa, ya cika ɗaki guda da su, matarsa ta yi mita ta gaji. Watan jiya ya tuna da kwabon Inna ya ce in fito masa da shi. Ku zo ku ga tsoho da furfura ya sa farin safar hannu, ya ɗora shi a kan ɗan sikeli, ya kafa masa gilashin ƙara girma yana ta salati. Ya ɗauki hoto ya tura wa wani masanin abin a Jidda, shi ma bai yarda da hoto ba sai da ya taso da kansa, don wai na jabu sun yi yawa. Mutumin ya auna nauyi, ya duba faɗi, ya ce na Rasha ne, an buga shi musamman don yankin Saiberiya zamanin wata sarauniyarsu, ya haura shekara ɗari biyu, dabbobin nan irin waɗanda ake farauta don gashinsu ne. Da ya juya gefen kwabon ya ga rubutu zagaye da shi maimakon zane irin na igiya sai ya miƙe tsaye, wai irin masu rubutun nan kaɗan aka buga. Ya ce kada a kuskura a wanke shi, kada toka ko lemon tsami su taɓa shi, wannan duhun da ya yi shi ne rabin darajarsa, har yana tambaya da me aka adana shi ya yi kyakkyawan launi haka. Ina zaune a bayan labule ina jinsu, ni da na san da me aka adana shi, sai da na tashi na je na kuskure baki.

Da sayarwa Hamza zai yi da abin ya zo min da sauƙi, in yi ta zaginsa da kwaɗayi in huta. Mutumin ya yi masa tayi mai tsoka, Hamza ya ce ko kusa. Shi girmama Inna yake so ya yi. Ya kama wurin taro ranar Juma'a mai zuwa, ya gayyaci dangi kaf har da na Jidda da Madina, ya sa an yi akwatin gilashi, da kati da rubutun ruwan zinare wai kyautar mutanen Bukhara ga Hajiya mai amana. Bai tsaya nan ba, ya bi ya bi har ya gano jikar Hala Zuhra a unguwar Hindawiyya nan Makka, malamar makaranta ce, ya gayyace ta wai ita za ta yaye ƙyallen. Na ce masa ya bar taron nan, ya ce don me, na fake da cewa ɓarnar kuɗi ce. Ya ce dama tun muna yara ba na son a yabi Inna, na ce shi kuma ba abin da ya iya sai neman suna, muka yi baram-baram, kwana uku bai kira ni ba. Na dai hana shi tafiya da kwabon, yana nan wurina, ranar Alhamis zai zo ya karɓa a sa a gilashin.

Jiya da la'asar jikar ta kira ni a waya, wai an ce mata ni ce na san kakarta ido da ido. Yarinya mai hankali, tana ta ce min ya Hala. Ta ce Hamza bai faɗa mata abin da ke cikin akwatin ba, ya ce sai ta zo ta gani. Muna cikin hira sai ta ce kakarta har ta rasu tana ba su labarin wani kwabon mahaifinta mai dabbobi biyu da ya faɗa masai a gidan maƙwabta, ta sa an zana mata shi a takarda don kada jikoki su manta kamanninsa, takardar tana nan wurinsu. Ta ce amma ba kwabon ne kakar ta fi faɗa ba, kukan da maƙwabciyar ta yi ne, kullum takan ce musu, "Idan kun sami maƙwabci Takari ku riƙe shi da kyau, ba sa ƙarya." Ta ce saboda wannan maganar babanta ya ɗauki Hausawa aiki a shagonsa har ya mutu. Ni dai na'am na'am nake ta cewa, ban san yadda muka yi sallama ba.

To kun ji inda nake. Idan na yi shiru, yarinyar nan za ta yaye ƙyalle a gaban mutum sama da ɗari ta ga abin da aka ce mata yana cikin masai, a ƙasansa an rubuta mai amana. Idan na faɗa wa Hamza gaskiya, mutumin da ke da hawan jini kuma bai san wata uwa ba sai waliyyiya, ko ya ce tsufa ya taɓa min kai ko in kwantar da shi asibiti. Na yi tunanin in ɗauki tasi in je Hindawiyya in danƙa mata a ɓoye in roƙe ta ta rufa mana asiri, to ranar Alhamis in ce wa Hamza me, ni ma in ce ya ɓata, in rantse? Kuma in na ba ta, na kashe mata maganar kakarta, na shafa wa Hausawan garin nan baƙin da ba su ji ba ba su gani ba.

Malamai da iyaye na wannan zaure, ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Shin hakkin nan yana kan Inna har yanzu a inda take kwance, ko ya dawo kaina tun ranar da na karɓi akwatin? Idan yana kanta, wanne ne biyayya, in tsare mata sunanta a bakin mutane ko in sauke mata kayan da ta tafi da shi? Na kusa tamanin, gwiwa ta ƙare, ido ya ƙare, ba da jimawa ba ni ma za a kai ni inda aka kai su su biyun, kuma a can ba wanda zai ce min ke yarinya ce. Kwana biyar ya rage min, wa zan fara kira, ƙanena ko jikar matar?